Muhammadu Alkashinawi: Bakatsinen da ya koyar da lissafi a Alƙahira

Hutun da ya wuce na je gida Faskari, ban ko gama hutawa ba aka haɗa ni da aiki. Ƙanwata 'yar aji uku a firamare ta dawo da aikin gida, wai a zana siffofi masu gefe huɗu a rubuta sunan kowace. Sunayen kam ta haddace su da Turanci tsaf, amma da na nuna mata ƙofar ɗakinmu na tambaye ta wace siffa ce, sai ta yi zuru. Na ɗauki tsinke na zana mata murabba'i a ƙasa, na raba shi gida tara don ta ƙirga da kanta ta ga gefunan duk tsawonsu ɗaya. Kakarmu tana gefe tana tsintar wake. Ta leƙo ta gani, sai ta tambaye ni yaushe na fara tsibbu da zan zauna ina zana wa yarinya hatimi a tsakar gida. Kowa ya bushe da dariya.

Ni kuwa maganar ta zauna mini a rai, don tsohuwar ba ta yi kuskure ba. Murabba'in da aka raba gida-gida aka zuba wa lambobi, a ƙasar nan hatimi ne sunansa. Kuma mutumin da ya fi kowa suna a kan lissafin hatimi a duk ƙasar Hausa ɗan ƙasar Katsina ne. Ya rasu a Masar shekara 280 da ɗoriya da suka wuce. Da na dawo makaranta na tambayi abokan ajina ko sun taɓa jin sunansa, ban samu ko mutum ɗaya ba. Shi ya sa na ga ya kamata mu san shi.

Sunansa da ƙasarsa

A littattafan Larabci ana rubuta shi Muhammad bin Muhammad al-Fulani al-Kashinawi al-Danrankawi al-Sudani. Sunan kaɗai ya ba da rabin labarinsa. Al-Fulani na nufin Bafulatani ne. Kashina ita ce Katsina, haka Larabawa ke rubuta ta tun da babu harafin tsa a bakinsu. Al-Danrankawi jingina ce ga Ɗan Ranko, wani gari na ƙasar Katsina ta wancan zamani. Al-Sudani kuwa ba Sudan ta yau ake nufi ba, Biladus Sudan ce, sunan da Larabawa ke kiran duk ƙasashen baƙar fata da ke kudu da Sahara.

Zamaninsa farkon ƙarni na 18 ne. A lokacin Katsina na cikin manyan biranen kasuwanci na ƙasar Hausa. Ayarin raƙuma na zuwa daga Agadas da Gat da Gadamas, kuma cikin kayan da suke saukewa har da takarda da littattafai. Garin ya riga ya fitar da manyan malamai irin su Ɗan Marina da Ɗan Masani, wanda ya rasu a 1667, ga kuma hasumiyar Gobarau da har yau take tsaye. Mu 'yan kudancin Katsina ma ba a bar mu a baya ba. 'Yandoto, wadda yanzu take kusa da Tsafe a Jihar Zamfara, maƙwabciyar Faskari da Ƙanƙara, a da ƙarƙashin Katsina take, kuma ta yi suna da malamai da almajirai.

Ku lura da shekarun nan da kyau. Alkashinawi ya rasu a 1741. An haifi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a 1754, wato shekara 13 bayan rasuwarsa. Kwalejin Katsina da Turawa suka kafa kuwa sai a 1922 aka buɗe ta. Duk wanda ya ce maka lissafi da boko ya shigo ƙasar nan, ka ba shi waɗannan shekaru uku ya jera su da kansa.

Malamansa

Mafi yawan abin da aka sani na rayuwarsa ya zo ne ta hannun Abdurrahman al-Jabarti, shahararren marubucin tarihin Masar, a littafinsa Aja'ibul Asar. Al-Jabarti bai riske shi da rai ba, amma a gidansu Alkashinawi ya rasu, kuma a hannun mahaifinsa littattafansa suka zauna, saboda haka labarin daga cikin gida ya samo shi.

Ya lissafa malamansa huɗu na ƙasarsu. Akwai Muhammadu al-Wali ɗan Sulaimanu, malamin Bagarmi da ke cikin Chadi ta yau, wanda ya yi rubutu a kan tauhidi, ya kuma yi wani a kan haramcin shan taba. Akwai Shehu Hashimu. Akwai Muhammadu Bindu. Sai Muhammadu Fodu, wanda a hannunsa karatu ya fara buɗe masa. Kusan shekara huɗu yana tare da wannan malami, in yana gida suna tare, in tafiya ta kama shi ya ɗauki buzu ya bi shi. A wurinsa ya yi nahawu da sarfu da mafi yawan littattafan adabi.

Laƙabi biyu malamin ya sa masa, kuma su ne suka fi nuna mana irin ƙwaƙwalwarsa. Da farko yana kiransa Mai Maƙamat, saboda yadda ya haddace littafin nan na adabi da har yau ake karantawa a zaurukan malamai. Haddar ta kai in aka jefa masa kalma ɗaya daga tsakiyar littafin, nan take zai kawo abin da ya gabace ta ba tare da wani tunani ba. Duk wanda ya taɓa yin hadda ya san ci gaba daga inda aka tsaya abu ne mai sauƙi, komawa da baya shi ne aiki. Daga baya da ya gwanance a nahawu sai malamin ya koma kiransa Sibawaihi, sunan babban malamin nahawun nan na Basra da ya rayu a ƙarni na 8.

Lissafi kuwa a wurin Muhammadu Bindu ya same shi. A can ya yi ilimin haruffa da na hatimai da hisabi da sanin lokuta, bisa tsarin malaman Magrib. Sanin lokuta ba ƙaramin fanni ba ne a zamanin da babu agogo a hannun kowa. Da tsawon inuwa da tafiyar rana da taurari ake fitar da lokutan salla da alƙibla, kuma duk lissafi ne.

A nan akwai ɗan abin dubawa gare mu 'yan kimiyya da injiniya, mu da muke ganin darussan harshe ɓata lokaci ne, muna shiga ajin ne kawai don kada a riƙe mana sakamako. Wannan bawan Allah sai da ya zama gwanin harshe kafin ya zama gwanin lamba. Da bai iya rubutu mai tsari ba, da lissafin nasa ya bi shi kabari.

Hanyar Makka da zaman Alƙahira

Daga nan ya ɗauki hanyar hajji. Hajjin wancan zamani ba na jirgi ba ne, tafiya ce ta watanni, wani lokaci shekaru, a ƙafa da bayan dabba. Ya ratsa ƙasashe da dama yana ganawa da sarakunansu da malamansu. A wani wuri ya yada zango wata biyar cur wajen wani malami yana karanta littattafan hisabi da na bugun ƙasa. Ya kuma rubuta labarin tafiyar tasa da abubuwan da ya gani a hanya.

Ya sauke farali a shekarar 1142 Hijira, daidai da 1730. Bai juyo gida ba, ya zauna a Makka na wani lokaci, kuma a can ya fara rubuta babban littafinsa Durrul Manzum, a kan ilimin taurari da ɗalasimai. Ya tsara shi da gabatarwa da manyan sassa biyar da kammalawa. Bai gama shi ba sai a Alƙahira, cikin watan Rajab na 1146.

A Alƙahira ya fara zama a unguwar Darbul Atrak, kusa da masallacin Azhar. Azhar a lokacin ita ce matattarar malamai daga ko'ina a duniyar Musulmi, har akwai ɓangarorin kwana na ɗalibai bisa ƙasashen da suka fito, ciki har da na mutanen Barno. A irin wannan wuri baƙo daga nesa yakan zo ne ya durƙusa ya ɗauki karatu. Shi kuwa Alkashinawi ya zo da abin da manyan garin suka zauna gabansa suka koya.

Babban misali shi ne Shehu Hasan al-Jabarti, mahaifin marubucin tarihin da na ambata. Hasan ba ƙaramin mutum ba ne, yana cikin waɗanda ake ji da su a Masar a fannin lissafi da ilimin sararin samaniya, ban da fiƙihu. Amma ilimin hatimai da dabarun rarraba haruffa da lambobi a wurin wannan Bakatsine ya ɗauke su. Zumuncin ya yi ƙarfi har Alkashinawi ya ƙare rayuwarsa a gidansa.

Ban da Durrul Manzum, ya rubuta Bahjatul Afaƙ a wajajen 1732, kuma shi ne littafinsa na hatimai da masana lissafi suka fi kula da shi. Ya yi littafin nahawu mai suna Bulugul Arab. Ya yi waƙe a kan manɗiƙi mai suna Minahul Ƙuddus, sannan ya yi masa dogon sharhi ya sa masa suna Izalatul Ubus, wato kawar da ɗaurewar fuska. Wanda ya taɓa zama ajin manɗiƙi zai gane dalilin wannan suna.

Mene ne a cikin hatimin?

Bari mu ajiye tarihi kaɗan mu ɗauki biro, don ba za a san darajar mutumin ba sai an taɓa aikinsa. Zana murabba'i ka raba shi gida uku a kwance, uku a tsaye, gida tara ke nan. Aikin shi ne ka zuba lambobi daga 1 zuwa 9, kowace sau ɗaya, ta yadda duk layin da ka tara, na kwance ko na tsaye ko wanda ya ratsa daga kusurwa zuwa kusurwa, jimillarsa ɗaya ce. Ga amsar:

4 9 2
3 5 7
8 1 6

Tara kowane layi ka gani, 15 za ka samu. Kuma ba sa'a ba ce. In ka tara 1 zuwa 9 za ka samu 45, ka raba wa layi uku, kowanne ya tashi da 15. Haka hatimi mai gida biyar-biyar: 1 zuwa 25 jimillarsu 325, a raba biyar, 65. Mai bakwai-bakwai kuwa 175. Ka ga tun kafin ka rubuta lamba ko ɗaya ka san inda za ka dosa.

Mai gida tara yaro ma zai iya cika shi da gwaji da gogewa. Amma mai gida 25 ko 49 ko 81, in ka ce da gwaji za ka yi, sai ka kwana ka wuni ba ka gama ba. Dole sai da ƙa'ida. Abin da Alkashinawi ya tattara ya bayyana a Bahjatul Afaƙ ke nan: hanyoyin cika hatimi wanda yawan gidajen gefensa mara ne, wato lambar da ba ta rabuwa biyu daidai, kamar 3 da 5 da 7. Cikin hanyoyin akwai ta tafiya a karkace, akwai kuma ta tsallen doki irin na wasan shaɗaranji da muke kira ces, gida biyu gaba, ɗaya gefe.

Ga yadda irin tafiyar karkacen take, ɗaya daga cikin tsofaffin hanyoyin da malaman wannan fanni suka sani. Sa 1 a gidan da ke ƙarƙashin na tsakiya. Daga nan kowace lamba ta gaba sai ka sauka gida ɗaya ka matsa dama gida ɗaya. In ka faɗo ta ƙasa, ka ɓullo ta sama a wannan layin. In ka fita ta dama, ka shigo ta hagu. In ka tarar gidan da za ka shiga da lamba a ciki, to ka koma kan lambar da ka rubuta ta ƙarshe ka sauka gida biyu a tsaye. Shi ke nan. Gwada da mai gida tara, hatimin da ke sama zai fito maka. Sannan ka gwada da mai gida 25. In ka yi daidai, layinka na sama zai zama 11, 24, 7, 20, 3. 'Yan sashen kwamfuta za su ga cewa wannan jerin umarni ne tsaf irin wanda suke rubuta wa na'ura, har da sharaɗin in kaza ya faru a yi kaza.

Akwai wani abu kuma da ya fito a aikinsa wanda ya fi kusa da aikin gidan ƙanwata. In ka ɗauki hatimin nan mai gida tara ka juya takardar kwata ɗaya, lambobin sun sauya wuri amma har yanzu kowane layi 15 ne. Ka sake juyawa, haka. Juyi huɗu ke nan kafin ka dawo inda ka fara. In kuma ka kifa shi kamar yadda madubi ke yi, ka samu wasu huɗu. Takwas ke nan, kuma babu na tara. Duk hatimi mai gida tara da aka cika da 1 zuwa 9, ɗaya ne daga cikin waɗannan takwas. Dalili kuwa ba a lambobin yake ba, a jikin murabba'in yake: hanyoyi takwas ne kacal za ka ɗaga murabba'i ka mayar da shi gurbinsa ya zauna daram. Mustaɗili, wato mai tsawo da faɗi irin ƙofa, hanyoyi huɗu kawai yake da su, don in ka juya shi kwata ɗaya ba zai shiga gurbinsa ba. Wannan shi ne abin da ɗaliban lissafi ke karantawa a jami'a da manyan sunaye, ga shi a kan allon malamin zaure.

Har sunayen ma sun haɗu. Malaman hatimi na kiran mai gida uku-uku musallasi, mai huɗu-huɗu murabba'i, mai biyar-biyar muhammasi. Waɗannan kalmomi su ne dai Larabci ke kiran siffa mai gefe uku da mai huɗu da mai biyar da su. Kenan kalmomin da muke neman koya wa yara da Turanci, 'yan'uwansu sun daɗe a bakin kakanninmu.

Ba shi ya ƙirƙiro fannin ba, kuma ba sai mun yi masa ƙarin gishiri ba. Sinawa sun san hatimi mai gida tara tun zamanin da. Abul Wafa al-Buzjani ya yi rubutu a kan hatimai a ƙarni na 10. Mai zanen nan na Jamus, Albrecht Dürer, ya sa mai gida 16 a wani zanensa na 1514, kowane layi 34. Leonhard Euler, wanda yana saurayi lokacin da Alkashinawi ke Alƙahira, shi ma ya yi aiki a kan irin waɗannan murabba'ai, kuma daga dangin wannan lissafi ne aka samu tsarin da masu binciken noma ke bi su rarraba iri ko taki a filin gwaji, da wasan sudoku da ke wayoyinmu. Matsayin Alkashinawi shi ne ya karɓi fannin a nan ƙasarmu, ya ƙware, ya tsara shi a rubuce, ya kai shi har inda ake ganin can ne gidan ilimi ya koyar.

Maganar tsibbu

To, mu dawo kan tambayar kakata, don na san wasu tun ɗazu ita ce a ransu. Gaskiya ne Alkashinawi bai ɗauki hatimi a matsayin wasan lamba kawai ba. A wurinsa da malaman zamaninsa lambobi da haruffa suna ɗauke da asirai. Kowane harafin Larabci yana da lambarsa, shi ya sa lambobin kusurwoyin hatimin da ke sama, 2 da 4 da 6 da 8, in aka mayar da su haruffa suke ba da kalmar Baduhu da ake gani a layu. Littafinsa Durrul Manzum kuwa a kan taurari da ɗalasimai yake ƙarara, kuma malamai da yawa, na da da na yanzu, sun yi hani da shiga wannan fage. Hukuncin wannan na malamai ne, ni ɗalibin difloma ne, ba zan sa baki ba.

Abin da zan iya faɗa shi ne 4 da 9 da 2 in an tara su 15 ne, ko a cikin laya ko a kan allon aji. Ƙa'idar cika gidajen lissafi ce tsantsa, kowa na iya gwada ta ya tabbatar.

Sai dai haɗuwar lissafin da asiri ta jawo mana asara. Shi kansa ya shawarci masu karatunsa su yi aikin a ɓoye, kada su baza shi ga kowa. Haka fannin ya zauna a hannun 'yan kaɗan, daga malami sai amintaccen almajiri. Da boko ya zo, sai aka jefa duk abin da ke cikin zaure a kwando ɗaya aka kira shi tsibbu, aka fara lissafi daga farko da baƙin harshe kamar ba a taɓa yin sa a nan ba. Masu hatimi suka riƙe gidajen suka bar tambayar dalili, 'yan boko suka riƙe dalili ba su san gidajen nasu ba ne.

Amma ya bar wata shawarar da ta fi wannan amfani gare mu. Ya gargaɗi ɗalibi kada ya yanke ƙauna in lissafi ya ƙi fita, ya kwatanta mai neman wannan ilimi da mai neman masoyi, wanda ba ya samun biyan buƙata sai da naci. Wanda ke da takardar lissafi da ta maƙale masa tun shekarar farko, wannan tasa ce.

Rasuwarsa

Allah ya yi masa rasuwa a Alƙahira a shekarar 1154 Hijira, daidai da 1741, a gidan Hasan al-Jabarti. Kafin ya cika ya naɗa Hasan wasiyyi a kan dukiyarsa da littattafansa. Hasan ya binne shi a maƙabartar malamai da ake kira Bustanul Ulama, a yankin Mujawirin, ya gina alama a kan kabarin ya rubuta sunansa da shekarar rasuwarsa. Bai sake ganin Katsina ba.

Littattafansa sun ci gaba da tafiya bayansa. An buga Durrul Manzum a Alƙahira. Akwai kwafin rubutun hannu na aikinsa a kan hatimai a ɗakin karatu na SOAS da ke Landan. A 1973 wata malamar lissafi 'yar Amurka, Claudia Zaslavsky, ta yi bayaninsa a littafinta Africa Counts, kuma ta nan ne malaman makarantu da yawa a ƙasashen waje suka san shi. Masanin tarihin lissafi Jacques Sesiano shi ma ya yi nazarin hanyoyinsa. Kenan akwai yaran da aka koya wa hatimin Bakatsine a aji a wata nahiya, alhali yaran Katsina ba su taɓa jin sunansa ba.

Abin da ya rage mana

Duk wanda ya fito daga Ƙanƙara ko Faskari ko Sabuwa ya san halin da karatun yara ke ciki a yankinmu. A daren 11 ga Disamba 2020 'yan bindiga suka shiga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara suka kwashe ɗalibai, sai ranar 17 ga watan aka sako 344. A Satumban 2021 aka rufe layukan waya a ƙananan hukumominmu saboda matsalar tsaro. Ƙauyuka da dama sun tashi, iyalai sun koma cikin gari wajen 'yan'uwa, yara da yawa karatunsu ya yanke, wasu sun koma aji bayan sun manta abin da suka fara. Yaron da ya rasa tushen lissafi a firamare, da wuya ka gan shi a ajin injiniya irin namu.

Ba mu da ikon gyara tsaro, amma kowannenmu yana da ƙanne, kuma muna zuwa hutu. Darasin siffofi ba ya buƙatar intanet ko wutar lantarki. Alkashinawi da allo da tawada ya fara. Abin da na gwada da ƙanwata ke nan, kuma ya yi aiki.

Mun fara da abin da ke tsakar gida kafin mu taɓa suna ko ɗaya. Ta ƙirga gefuna da kusurwoyin tabarma da ƙofa da bulo, ta ga duk huɗu-huɗu ne. Na nuna mata alwatikar da tela ke sa wa riga, gefe uku. Faifai ba shi da kusurwa ko ɗaya. Saƙar zuma gidajenta gefe shida ne. Tsohuwar ƙwallon ƙafa mai baƙi da fari kuwa, baƙaƙen gefe biyar ne, fararen gefe shida. Sai da ta iya rarrabe su da ido da yatsa sannan na kawo sunayen, na Hausa tukuna, na Turanci daga baya.

Sannan muka yanke kara huɗu masu tsawo ɗaya muka ɗaure bakunansu da zare, ya zama murabba'i. Na ce ta tura kusurwa ɗaya. Ya karkace, gefunan ba su sauya ba amma kusurwoyin sun sauya, ta ga da idonta cewa daidaiton gefe kaɗai bai isa a kira abu murabba'i ba. Muka ɗaura kara na biyar daga kusurwa zuwa kusurwa, sai ya ƙi motsi, don ya zama alwatika biyu. Wannan shi ne dalilin da kafinta ke gicciya katako a rufin ɗaki. Shi ne kuma dalilin da kusurwoyin duk wata siffa mai gefe huɗu suke tashi digiri 360, tun da kowace alwatika 180 ce. Mai gefe biyar alwatika uku ce, 540. Mai gefe shida alwatika huɗu ce, 720. Yaro ɗan aji biyar zai iya gano wannan da kansa in aka ba shi takarda da almakashi.

Wanda ƙaninsa ya ɗan girma, ya kai shi inda ake fitar da harsashin gini ya ga yadda birkila ke auna ƙafa uku nan, huɗu can, ya tabbatar tsakaninsu biyar ne kafin ya yarda kusurwar ta miƙe. Daga ƙarshe a zo kan hatimi. A haƙa gida tara a ƙasa kamar za a yi dara, a ba yaro tsakuwa 45, a ce ya rarraba su daga ɗaya zuwa tara ta yadda kowane layi zai tashi 15. Ƙanwata ta yi kusan awa guda tana fama, ta yi fushi sau biyu, sannan ta gano da kanta cewa biyar ce ke zama a tsakiya. Da ta gama na sa ta zagaya ta tsaya ta kowane gefe ta duba, ta ga bai ɓaci ba.

A nan na gaya mata sunan mutumin da garinsu. Ta tambaye ni ko Katsinar da muke zuwa ce, na ce ita ce. Kakarmu, wadda har lokacin ba ta gama yarda da ni ba, ta ce in dai malami ne kuma ya rasu a hanyar Makka, to a yi masa addu'a.

Allah ya jiƙan Malam Muhammadu Alkashinawi, ya kai haske kabarinsa. Allah ya dawo mana da zaman lafiya a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa da sauran ƙasarmu baki ɗaya, ya ba masu fita bana sa'ar jarabawa. Amin.